Tambaya da Amsa: Koyon Zanen Taurarin Katun da Sauya Musu Kama

Mafi yawan wasiƙun da suka shigo wannan fili a wannan wata a kan abu ɗaya suke, wato yadda mutum zai koyi zana taurarin katun da yake ƙauna, da yadda zai sauya musu kama ko sutura ba tare da sun ɓace masa ba. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita su, kuma mun fi tsawaita bayani a kan biyun farko domin a kansu sauran suka dogara.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sakandare. Idan na ajiye hoton Tom ko na Goku a gabana ina iya kwaikwayonsa har abokaina su yi ta mamaki, amma da zarar an ɗauke hoton, ko aka ce in zana shi yana gudu ko yana waiwaye, sai hannuna ya tsaya cik. Wani abokina kuma ya ce duk mai kwaikwayo ba mai zane ba ne. Ina gyaran yake?
Daga wani ɗalibi a Gusau

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Abokinka ya tsaurara hukunci fiye da kima, domin da wuya ka sami ƙwararren mai zanen katun da bai fara da kwaikwayon taurarin da ya taso yana kallo ba. A ƙasar Japan abin har ya zama al'ada mai zaman kanta. Tun watan Disamba na 1975 ake cin kasuwar Comiket a birnin Tokyo, inda masu zane ke baje kolin littattafan da suka buga da kansu, da yawa daga ciki a kan taurarin da wasu suka ƙirƙira, kuma a yau ɗaruruwan dubban mutane ne ke halartarta. Shi kansa Toyotarou, wanda ke zana littattafan Dragon Ball Super tun 2015, masoyin aikin Akira Toriyama ne, wato mahaliccin labarin Dragon Ball, da ya fara zana Goku ɗin nan naka don sha'awa, kafin daga baya a damƙa masa aikin a hukumance.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da idonka ke ɗauka daga hoton. Layin waje kake bi, daga kunne zuwa kunci zuwa haɓa, alhali wannan layi yana canzawa ne duk lokacin da tauraron ya motsa, shi ya sa idan ya juya kansa kaɗan abin da ka haddace ba ya yi maka amfani. Yaron tela da ke son ya iya kaftani ba ya wadatuwa da kallon wanda aka rataye a shago. Tsoho yake samu ya farke ɗinkinsa, ya shimfiɗa gaba da baya da hannuwa a kan tebur, ya ga yadda aka yanka kowane ƙyalle. Haka za ka yi wa Tom.

Abin da zai sauƙaƙa maka shi ne, da gangan aka gina waɗannan taurari a kan siffofi masu sauƙi. Fim yana nuna hotuna 24 a kowace daƙiƙa, kuma ko da an bar kowane zane ya tsaya na tsawon hoto biyu, kamar yadda aka saba yi don rage aiki, minti ɗaya kacal yana cin zane 720. Mutane da yawa ne ke raba wannan aiki a tsakaninsu, kuma dole tauraron ya fito iri ɗaya a hannun kowa. Wannan ne dalilin da ya sa Ub Iwerks, wanda ya zana Mickey Mouse tare da Walt Disney a 1928, ya dogara ga da'ira: kai da'ira, kunnuwa da'ira, ƙugu da'ira. Shi ya sa kuma yatsun Mickey huɗu ne a kowane hannu, sannan a 1929 aka sa masa farar safar hannu domin a riƙa ganin hannuwansa idan sun gifta ta gaban baƙin jikinsa.

To, ka ɗauki hoton da ka saba kwaikwaya, ka ɗora masa takarda mai shara-shara, amma maimakon bin layin waje ka nemo ƙwallon da ke cikin kai, da siffar ƙwai ko ta akwati da ke cikin ƙirji, da gwangwanayen da suka zama hannuwa da ƙafafu. A kan ƙwallon kai ka ja layi biyu masu lanƙwasa da suka gicciye juna, ɗaya daga goshi zuwa haɓa, ɗaya ta tsakiyar idanu, domin su ne ke nuna inda fuska ta dosa. Idan ka karkata su, idanu da hanci da baki za su bi su. Sannan ka auna tsayin tauraron da kansa. Baligin mutum yana kai kusan tsayin kansa bakwai da rabi, jaruman littattafan zane akan kai su takwas don su yi kwarjini, su kuwa ƙananan taurari masu ban dariya ba sa wuce biyu ko uku. Wanda ya riƙe wannan awo ya riƙe rabin kamannin.

Bayan haka sai ka ajiye hoton a gefe ka zana tauraron ta fuska huɗu a jere a kan takarda ɗaya, ta gaba, da ta karkace, da ta gefe, da ta baya, ka ja layuka a kwance domin tsayin kai da kafaɗa da gwiwa ya daidaita a dukansu. Irin wannan takardar samfuri ce kamfanonin katun ke raba wa ma'aikatansu. Game da gudu da waiwaye kuwa, kafin ka zana kai ko ƙafa ka fara jan layi ɗaya tak mai lanƙwasa daga ƙoƙon kai zuwa diddige, wanda ke ɗauke da dukan motsin, sa'annan ka jera siffofin a kansa. Kuma ina ba ka shawara da babbar murya ka riƙa zana abu mai rai, kyanwar gidanku tana miƙa, ko ƙanenka yana buga ƙwallo, cikin minti ɗaya ba tare da ka taɓa kilina ba. Waɗanda suka zana Tom sun san yadda kyanwa ke dira, kuma wannan sani ne ke ɓoye a ƙarƙashin kowane tsallensa.

Ɗora takarda a bi layi ba laifi ba ne idan don nazari ne. Yana zama laifi idan mutum ya wallafa shi ya ce daga kansa ya fito.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na zana Naruto cikin farar babbar riga da hula, na sa a Facebook, sai mutane suka ce zanen ya yi kyau amma ba su gane ko wane ne ba sai da na faɗa. Ta yaya zan sa wa tauraro kayanmu na Hausa kuma a gane shi?
Daga wani matashi a Zariya

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Abin da ya faru da kai ya faru da waɗanda suka fi ka kuɗi da kayan aiki nesa ba kusa ba. A watan Afrilu na 2019 kamfanin Paramount ya fitar da tallar fim ɗin Sonic, bushiyar nan mai launin shuɗi da kamfanin Sega ya fito da ita a 1991, sai aka ga an ba shi ƙananan idanu a rarrabe, da haƙora irin na mutum, da dogayen ƙafafu, an kuma cire masa farar safar hannunsa. Masoyansa suka yi ca, har ta kai an ɗage fitowar fim ɗin daga Nuwamba na 2019 zuwa Fabrairu na 2020 domin a sake fasalinsa. Wanda aka kira ya jagoranci gyaran, Tyson Hesse, mutum ne da ya fara da zana Sonic don sha'awa yana sawa a intanet, kuma abin da ya yi shi ne mayar da alamomin da aka zubar.

Kowane tauraro yana da alamomi kaɗan da su ne shi, sauran duk ado ne da za a iya canzawa. Mickey ya sha gyara: a ƙarshen shekarun 1930 Fred Moore ya ba shi jiki mai taushi da ke iya lanƙwasa, aka kuma sa masa farin ido da ƙwaya a ciki, amma ba wanda ya taɓa kunnuwan nan biyu. Tom ɗin da William Hanna da Joseph Barbera suka fito da shi a 1940 kyanwa ce mai buzu-buzun gashi da ta fi tafiya da ƙafa huɗu. Sannu a hankali aka rage gashin aka tsayar da shi da ƙafa biyu, Chuck Jones kuma ya ƙara masa kaurin gira a tsakanin 1963 da 1967, duk da haka yaro yana ganinsa zai kira sunansa.

Yanzu ka ƙirga na Naruto: gashi ruwan ƙwai mai tsini-tsini, da zane uku-uku a kowane kunci, da tufafi ruwan lemo, da ɗaurin goshi mai tambarin ƙauyensu. Hularka ta rufe gashin ta kuma kori ɗaurin goshin, farar rigarka ta kori launin, sai ya rage da alama ɗaya cikin huɗu. Akwai gwaji mai sauƙi da masu wannan sana'a ke yi: ka cike zanen gaba ɗaya da baƙi ya zama inuwa zalla, ka nuna wa wanda ya san tauraron. Idan ya gane shi daga inuwar, ka kama hanya. Babbar riga kuwa tana haɗiye hannuwa da ƙugu da cinyoyi, tana mayar da jiki babbar siffa guda ɗaya, don haka duk wanda ka sa wa ita sai ka nemi alamarsa a kai da fuska da launi.

Amma a ganina kuskuren ya fi wannan zurfi, domin sutura a ƙasar Hausa magana take yi. Babbar riga ta dattako ce da natsuwa, mai ita ba ya tsalle a kan rufin gidaje. Naruto yaro ne mai rawar kai, mai faɗa da guje-guje, saboda haka shigar da ta dace da halinsa ita ce ta mafarauta ko 'yan tauri: 'yar shara ruwan lemo, da wando mai ba ƙafa damar motsi, da kambu a damtse, da guru a ƙugu, sannan ɗaurin goshin ya zauna a inda yake, ko da za ka mayar da shi na fata irin aikin dukawa. Idan babbar rigar ce ke ranka, ka ba wa tsohon shugaban ƙauyen nasu, za ka ga ta zauna masa daram. Haka nan ka kula da abin da kowace shiga ke nufi kafin ka ara. Rawani mai kunne biyu na 'yan gidan sarauta ne, ja da kore a haɗe shigar dogarai ce, ɗan dambe kuma hannu ɗaya yake naɗewa, wanda ake kira mashi, ɗayan ya zama garkuwa. Wanda ya naɗe masa hannu biyu, duk Bahaushen da ya gani zai san bai taɓa zuwa gidan dambe ba.

Wajen zana rigar kanta, ka tuna daga kafaɗa take rataye, kuma ninkin da ake yi idan an naɗe hannunta a kafaɗa shi ne ke ba ta kamanninta. Kada ka ce sai ka fitar da kowane zare na aikin aska takwas. Tsini uku ko huɗu a gefen hagu na ƙirji sun isa ido ya cike sauran, musamman idan kana da niyyar sake zana tauraron sau da yawa.

Tambaya: Malam, ina wuni. Da waya nake zane, da manhajar ibisPaint. Ina son mayar da wasu taurari mata baƙaƙen fata, amma kullum fatar takan fito toka-toka, ba ta da sheƙi. Me nake yi ba daidai ba?
Daga wata ɗaliba a Maraɗi

Amsa: Lafiya lau, ƙanwata. Alamu sun nuna kina ɗaukar launin fatar asali ne ki ja shi zuwa baƙi, wannan kuwa yana kashe ɗumin launin ya bar toka. Ki fara da ruwan ƙasa mai ja-ja ko mai ratsin lemo a ciki, ki yi inuwarsa da launi mai karkata zuwa ja mai duhu ko shunayya, ba da baƙi ba. Baƙar fata tana ɗaukar hasken abin da ke kewaye da ita sosai, don haka sheƙin da za ki ɗiga a goshi da karan hanci da saman kunci zai iya zama mai shuɗi-shuɗi idan a waje take da rana, ko ruwan zinariya idan yamma ce. Tafin hannu da tafin ƙafa sun fi sauran jiki haske. Kuma kada ki tsaya ga launi ɗaya: ki dubi mutanen gidanku, akwai baƙa, akwai wankan tarwaɗa, akwai fara, kowace da irin inuwar da ta dace da ita. Ki raba aikin falle-falle a cikin manhajar, zanen farko daban, layi daban, launi daban, inuwa daban, domin ki iya gwada launuka da yawa ba tare da kin ɓata layinki ba.

Launi kaɗai ba ya gama aikin. Idan hanci da leɓe da gashi suka zauna yadda suke, sakamakon shi ne tauraruwar da aka shafa wa fenti. Ki nazarci fuskokin 'yan'uwanki da ƙawayenki, ki koyi zana kitso, ko doka ko kalaba ko shuku, a matsayin manyan siffofi kafin ki shiga tsaga. A nan ina roƙonki ki yi hattara da wuce gona da iri, domin tsofaffin katun na Amurka sun daɗe suna zana baƙar fata da kumburarren leɓe da zazzaren ido don izgili, har ta kai a 1968 kamfanin United Artists ya janye guda 11 na kamfanin Warner daga talabijin saboda wannan dalili. Fuskar da kika gani da idonki ita ce ma'auninki. Waya ta isa a koyi launi, manhajar Krita kuma kyauta ce idan kin sami kwamfuta, sai dai fensir da takarda sun fi saurin horar da hannu.

Tambaya: Malam, sana'ata rubutun allon talla da buga riguna. Makarantun yara kan ba ni aikin zana Mickey da Spider-Man a bango, yanzu kuma ina son in buga nawa zanen nasu a riguna in sayar. Tunda da hannuna na zana, ai nawa ne ko?
Daga wani mai zane a Kaduna

Amsa: Malam, Allah ya ba da sa'a a sana'a. Wahalar hannun taka ce, amma tauraron yana da mai shi, kuma haƙƙin sarrafa shi ko sayar da kamanninsa yana hannun mai shi ɗin. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare aikin zane har shekara 70 bayan rasuwar wanda ya yi shi, kuma da yake Najeriya tana cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe tun 1993, kariyar ta haɗa da ayyukan ƙasashen waje. Galibin kamfanoni suna kau da kai daga zanen da masoya ke sawa a intanet kyauta, domin talla ce a gare su, amma wannan sassauci ne daga gare su, suna iya janye shi, kuma sun fi janye shi idan kuɗi ya shigo ciki. A 1989 kamfanin Disney ya sa wasu gidajen renon yara uku a jihar Florida sun goge hotunan taurarinsa daga bangonsu.

Wataƙila ka ji an ce Mickey ya zama na kowa. Abin da ya faru shi ne, a ranar 1 ga Janairu, 2024, wa'adin kariya na shekara 95 na fim ɗinsa Steamboat Willie ya cika a Amurka, don haka siffarsa ta 1928 ce ta fita daga kariya a can. Siffarsa ta zamani tana nan a kare, kuma har yanzu Mickey tambarin kasuwancin Disney ne. Shawarata ita ce ka riƙa nuna ƙwarewarka da zanen taurarin da aka sani, kana ambaton masu su, amma abin da za ka zuba wa jari ka buga a riga ya zama naka na kanka. Ko makarantun ma, ka gwada kai musu samfurin zomo da kunkuru da raƙumi na ƙirarka, domin gobe idan wani ya kwafe su kai ne doka za ta tsaya wa.

Tambaya: Malam, ɗana ɗan shekara 12 ya cika littattafan makarantarsa da zanen katun na Turawa da na Japan. In hana shi ne, ko akwai inda abin zai kai shi?
Daga wata uwa a zangon Kumasi

Amsa: Hajiya, kada ki hana shi. Ki saya masa littafin zane na daban da fensir, ki yi masa sharaɗin cewa na makaranta na karatu ne. Hanyar tana da inda take ɓullewa. Adamu Waziri ya ƙirƙiri Bino and Fino a Abuja domin yaran Afirka su ga irinsu a talabijin, Roye Okupe ya gina jarumarsa Malika a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, a 2024 kuma kamfanin Kugali ya haɗa hannu da Disney suka fitar da Iwájú, labarin da aka kafa a Legas ta nan gaba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da tsohon sashen koyar da zane, haka ma jami'ar Kwame Nkrumah da ke nan garinku.

Abin da za ki ƙara masa shi ne aikin da ba shi da hoton da zai kalla. Ki yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ki ce ya zana miki su. Kowa ya san halin Gizo, wayonsa da haɗamarsa da tsamin bakinsa, amma ba wanda ya kafa masa kamanni guda, kuma a Kumasi yaron zai ji labaran Ananse a bakin maƙwabtansa Asante, wanda shi ma gizo-gizo ne, sai ya kwatanta. Dole ya yanke shawara da kansa: mutum ne mai alamun gizo-gizo, ko gizo-gizo ne mai sa hula? Ƙafa takwas za su yi masa nauyi idan zai maimaita zanen, don haka yana iya tsayar da shi da biyu ya bar masa hannuwa huɗu, biyu suna gaisuwa biyu suna lalube a cikin akushi. Idan ya gama, ki sa ya zana shi ta gaba da ta gefe da ta baya, ya rubuta kwanan wata a ƙasan takardar, ki adana masa, bayan wata uku kuma ya sake zana shi ba tare da ya dubi na farkon ba.